Da dutsen bai faɗo ba, da saniya ta samu wuri a duniya?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Ga maganar da na kawo zaure yau, kuma na tsaya a kanta: da dutsen nan da ya faɗo daga sararin samaniya shekara miliyan 66 da suka wuce ya kauce wa duniya, da har yanzu dainoso, manyan dabbobin nan na zamanin da, su ne manyan dawa, da kuwa babu saniya, babu raƙumi, babu giwa. Dutsen ya kai kilomita 10 a faɗi. Ya sauka a Chicxulub, gaɓar Yukatan ta ƙasar Meksiko, ya bar rami mai faɗin kilomita kusan 180, kashi uku cikin huɗu na nau'in halittu suka ƙare. Kaucewar ma ba ta da wuya a lissafi. Duniya tana cin kilomita 30 a daƙiƙa ɗaya wajen kewaya rana, kaurinta kuma kilomita 12,700 ne da ɗoriya. Cikin minti bakwai ta bar gurbin da take gaba ɗaya.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Abin da Allah ya ƙaddara shi ya auku, wannan ba abin jayayya ba ne, muna cewa "da a ce" ne don mu gane sababi. Amma Malam, ka ɗora wa dutsen nauyin da ba nasa kaɗai ba. A daidai wannan zamanin ƙasa tana aman wuta a Dekan, yammacin Indiya, kuma ta fara tun kafin dutsen ya iso. Narkakken dutsen da ya daskare a can har yau yana shimfiɗe a kan murabba'in kilomita kusan 500,000. Hayaƙinsa ya jagula yanayi. Akwai kuma binciken da ya fito a 2016 da ya ce dainoso sun daɗe suna raguwa, sababbin nau'i ba sa fitowa da saurin da tsofaffi ke ɓacewa. Bango ne da ya riga ya tsage, dutsen ture shi kawai ya yi.

Malam Habibu: Hajiya, wannan binciken an mayar masa da martani. Duwatsun ƙarshen zamanin ne ba su da yawa a fili, in kuwa wurin tono ya ragu, dole ƙidaya ta ragu. A Hell Creek ta jihar Montana a Amurka, inda shimfiɗun ƙasar suka cika, ana samun dainoso irin su Triceratops da Tyrannosaurus har dab da layin ƙarshe. Layin nan siririn yumɓu ne mai ɗauke da ƙarfen iridiyom (ƙarfe ne da ya yi ƙaranci a doron ƙasa amma ya yawaita a duwatsun sararin samaniya), wanda Luis Alvarez da ɗansa Walter suka bayyana a 1980 daga samfurin Gubbio ta Italiya. Ƙasa da layin akwai su, sama da shi babu ko ɗaya. Raguwa a hankali ba ta barin irin wannan yanka. Kuma a duba yadda kisan ya gudana: dutsen ya faɗa kan ƙasa mai jifsam, wato wani farin dutse mai laushi, farar wutar da ke ciki ta tashi sama tare da ƙura da kunkunniya, rana ta dushe shekaru, tsirrai suka mutu, masu cin ganye suka bi su, masu cin nama suka bi bayansu. Da aka haƙa cikin ramin a 2016, jifsam ɗin kusan babu shi, ya riga ya tashi.

Malam Isufu: Kafin ku yi nisa, akwai gyara guda. Mutane in sun ji "dainoso ba su ƙare ba", sai su zaci za a ga irin namu na Nijar suna yawo. Ba haka ba ne. Nigersaurus da aka tono a Gadufawa cikin Tenere, da Ouranosaurus da ƙasusuwansa ke gidan tarihi na Yamai, sun rayu ne wajen shekara miliyan 110 da suka wuce. Sun ƙare fiye da shekara miliyan 40 kafin dutsen. Jobaria na wajen Ingal ya ma girme su. Nau'i yana tafiya wani ya maye gurbinsa. Ko da dutsen ya wuce, abin da za mu gani yau jikokin jikoki ne da ba mu san kamanninsu ba.

Dakta Rabi: Ni gyarana ya fi naka girma, Malam Isufu. Dainoso ba su ƙare ba tun farko, reshe ɗaya ya tsallake, shi ne tsuntsaye. Wanda ke shakka, in an yanka kaza ya duba. Ƙashin nan mai reshe biyu da ke gaban ƙirji, Tyrannosaurus yana da irinsa. Ƙafa mai yatsu uku a gaba da ɓawo-ɓawo a ƙwauri, ƙashi mai kogo a ciki, duk gadon gida ne. A 1996 an samu Sinosauropteryx, wani ƙaramin dainoso, a ƙasar Sin da sawun gashi irin na tsuntsu a jikinsa. Yau nau'in tsuntsaye ya haura 10,000, masu shayarwa kuwa wajen 6,500 ne. Jimina da zabo da ungulu dainoso ne a lissafin masana, kada da damo ba su ba ne.

Nura: Dakta, to me ya fid da tsuntsaye su kaɗai?

Dakta Rabi: Ba duka suka fita ba, Nura. Tsuntsaye masu haƙora sun tafi. Waɗanda suka tsira ƙanana ne masu baki marar haƙori, kuma bayanin da ya fi ƙarfi shi ne ƙwayar iri. Ganye yana mutuwa in babu rana, iri kuwa yana kwanciya cikin ƙasa shekaru bai lalace ba. Mai baki da ƙundu zai tsattsaga ya rayu. Dabba mai tan biyar ba ta da wannan mafita.

Hajiya Binta: Mu koma kan saniyar Malam. Na bar maka maganar dutse, amma duniya ba ta tsaya yadda take ba. Shekara miliyan 34 da suka wuce ƙanƙara ta rufe Antatika, duniya ta yi sanyi ta bushe, dazuzzuka suka ja baya, daga baya filayen ciyawa suka buɗe. Ciyawa tana da yashi-yashi a jikinta mai cinye haƙori. Masu tuƙa, da tumbi huɗu da dogon turmin haƙori, su suka fi dacewa da ita. Ina ganin a nan masu shayarwa za su samu ƙofa ko da dainoso na nan.

Malam Isufu: Hajiya, a kan haƙori kam kin taɓo inda suka fi kowa. Bakin Nigersaurus shimfiɗaɗɗe ne kamar bakin shebur, yana kallon ƙasa, da haƙora wajen 500 jere bayan jere. Kowane haƙori yana faɗuwa cikin kwana 14 wani ya taso. Dabba ce mai tsawon mita 9 da ke kiwo a ƙasa-ƙasa tun ciyawa ba ta yaɗu ba. Saniya kuwa sau ɗaya take famfara, shi ya sa makiyayi ke buɗe bakinta ya san shekarunta, in haƙoran suka cinye ta gama. Dainoso masu bakin agwagwa na ƙarshen zamanin su ma ɗaruruwan haƙora gare su masu niƙa. Har an samu burbushin ciyawa a cikin kashin dainoso da ya zama dutse a Indiya, an bayyana shi a 2005.

Hajiya Binta: Sanyin fa?

Malam Habibu: A arewacin Alaska, shekara miliyan 70 da suka wuce, ana yin wata kusan huɗu babu rana. An samu ƙasusuwan jariran dainoso a can, ke nan a wurin suke ƙyanƙyasa, ba ƙaura suke yi ba. Amma babbar hujjata ita ce ƙwai. Giwa tana haifar ɗa mai kilo kusan 100, tana shayar da shi. Tyrannosaurus kuwa daga ƙwai yake fitowa, bai fi ɗan kare ba, sai ya yi shekara kusan ashirin yana hawa har tan takwas. A hanya yana cin abincin dila, ya ci na kura, ya ci na zaki. Nau'i ɗaya ya cike gurbi uku ko huɗu. Shi ya sa masu shayarwa suka yi fiye da shekara miliyan 100 tare da su ba su wuce girman ɗan akuya ba. Ɗaya daga cikin manyansu da aka sani, Repenomamus na ƙasar Sin, bai wuce kilo 14 ba. Da wurin ya zama fili fa? A Corral Bluffs ta jihar Kolorado, bayan faɗuwar dutsen babbar mai shayarwa rabin kilo ce. Bayan shekara 100,000 an kai kilo 6. Bayan shekara 700,000 an kai kilo 50.

Hajiya Binta: Wannan lissafin ya yi ƙarfi, na karɓa a kan manyan nahiyoyi. Ban karɓa a kan ko'ina ba. Repenomamus ɗin da ka ambata, an samu ɗan dainoso a cikinsa, ke nan ba kullum su ne abin ci ba. Kan bishiyoyi, cikin ramuka, da dare, kan tsaunuka masu sanyi, nan gidansu ne. Teku ma haka.

Malam Isufu: Tekun ma da masu shi. A lokacin wani hannun teku ya ratsa Sahara ya shimfiɗa a kan ƙasar Sakkwato da Tawa. Goronyosaurus, wanda aka raɗa wa sunan Goronyo, ƙaton ƙadangaren ruwa ne, ba dainoso ba, danginsa duk sun tafi tare da dutsen. Kifayen nan masu shayarwa sai bayan shekara miliyan goma sha wani abu suka fara shiga ruwa. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake yin siminti da shi, bayan halakar ya kwanta.

Nura: Ranku ya daɗe, a 1982 Dale Russell na Kanada ya ƙera siffar dainoso mai tafiya a miƙe kamar mutum, da ƙaton kai. Wannan zai yiwu?

Dakta Rabi: Ƙwaƙwalwar tana iya girma, siffar ce ban yarda da ita ba. Jikin waɗannan dabbobi sikeli ne: ƙugu a tsakiya, kai a gaba, wutsiya a baya. Kai ya ƙara nauyi, wutsiya ta ƙara, babu abin da zai tilasta miƙewa. Hannunsu kuma tafukan suna kallon juna ne kamar mai shirin tafi, ba ya juyawa ya kife kamar namu. In kana son ganin dainoso mai wayo, dubi dangin hankaka. Na tsibirin Sabuwar Kaledoniya yana gyara tsinke ya yi masa ƙugiya ya zaro tsutsa daga kogon itace, da baki da ƙafa yake aikin.

Hajiya Binta: Malam Habibu, kusan duk hujjojinmu na ƙarshen zamanin daga Amurka ta Arewa suke. Na Afirka ƙalilan ne: Mansourasaurus na Masar, sai Chenanisaurus da Ajnabia daga ramukan fosfat na Maroko. Ba za a yanke wa duniya hukunci da nahiya ɗaya ba.

Malam Habibu: Wannan gaskiya ne, Hajiya. Shimfiɗun Dukamaje da Wurno suna ƙasa da layin, na Dange da Kalambaina suna sama da shi, duk a jihar Sakkwato. Wanda ya ci karo da ƙashi a irin wuraren nan kada ya cire shi. Ya ɗauki hoto da wani abu a gefe don a san girmansa, ya rubuta wurin, ya sanar da sashen nazarin duwatsu na jami'a mafi kusa. Ƙashin da aka raba da shimfiɗarsa ba a iya sanin ko kafin dutsen ya kwanta ko bayansa.