Muhawara: da gaske Lenovo sun ture HP da Dell a kasuwar wokisteshan?

Injiniya Bashir: Salam jama'a. Ni fa ra'ayina a buɗe yake, maganar manyan kwamfutocin aiki na kamfanoni, wato wokisteshan, Lenovo ne a gaba yanzu, HP da Dell tsohon suna kawai suke ci. Ku duba 2020 da suka fito da ThinkStation P620, su suka fara saka Threadripper Pro na AMD mai ƙwaya 64 a furosesa ɗaya, kuma an ɗau lokaci babu kamfanin da ke da shi sai su. Dell sai 2022 suka kawo Precision 7865, HP kuwa sai ƙarshen 2023 da Z6 G5 A. Wanda ya riga ka da shekara biyu zuwa uku ai ya riga ka.

Malam Auwalu mai gyara: Wa alaikumus salam Injiniya. P620 inji ne, ban musa ba. Amma riga mutum fito da abu daban, riƙe kasuwa daban. Dell tun 1997 suke yin Precision kuma sun daɗe suna tallar cewa su ne na ɗaya a duniya a wannan ɓangaren bisa ƙidayar IDC, kamfanin da ke bin diddigin kasuwar kwamfuta. Ɗayan da Lenovo suke riƙe da shi na jimillar kwamfutoci ne gaba ɗaya, har da ƙananan laftof na ɗalibai da na ofis, kar mu haɗa biyun.

Injiniya Bashir: To Malam ai kuɗin can ne ke ciyar da nan. Wanda ke sayen kaya da yawa a wajen Intel da AMD da Nvidia shi ake yi wa sauƙin farashi kuma shi ake fara ba sabon abu. Kar ka manta a 2005 suka sayi sashen kwamfuta na IBM, a 2014 suka ƙara da sashen sabar x86, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanan kamfanoni, injiniyoyin IBM ɗin suka gada. Ko DreamWorks masu yin katun da suka shekara da shekaru da HP, daga baya wajen Lenovo suka koma.

Hajiya Rabi akitek: Ƙanina Bashir bari in shigo a matsayin mai sa hannu a takardar saye. Wlh ranar da za mu sayi inji a ofis ba na tambayar wa ya fara fito da me, abin da nake tambaya shi ne Revit da AutoCAD, manhajojin zanen gini na kamfanin Autodesk, za su yi tafiya a kai ba tare da sun rufe kansu ba ana tsakiyar aiki, masu manhajar sun gwada injin sun amince da shi, sannan in fawa saflai ya ƙone ranar Talata ga kwangila za a miƙa ranar Juma'a a ina zan samu wani. Ta farkon duka ukun sun ci, kowannensu na da shaidar amincewar Autodesk da su SolidWorks, duk suna da ram mai gyara kuskure ɗin nan ECC, katin girafik ɗin ma na Nvidia ne a cikinsu duka. Sauran magana ta rage a waranti da kayan gyara, kuma a nan inda muke wanda ya fi yawa a kasuwa shi ke da nasara.

Malam Auwalu mai gyara: Hajiya kin gama magana. A leƙa Beirut Road a Kano ko Computer Village a Ikeja a ga abin da ke kan kanta, Z440 ne da ZBook na HP da Precision na Dell, duk na hannu. Z440 ɗin nan ka ja marfin gefe da hannu ɗaya ya buɗe babu sukurdireba, ramukan ram guda 8 suna kallonka, in wani abu ya lalace ka taka shago uku ka samu. ThinkStation kuwa sai an yi maka oda. Kuma akwai abin da mu masu gyara muka sani game da P620, furosesan da ya zo a ciki a kulle yake da Lenovo, in ka cire shi ka saka a madabod na wani kamfani ba zai tashi ba, wannan kuwa yana karya darajarsa a kasuwar na hannu.

Injiniya Bashir: Malam Auwalu kasuwar tokunbo ai labarin shekara goma baya take ba ka. Z440 ɗin da ke gabanka kamfanonin Turai da Amurka ne suka saya sabo, suka gama mora suka sallamar. Abin da suke saye yau shi za ka gani a shagonka nan gaba. Kuma Z440 ɗin ma Windows 11 bai amince da furosesansa ba, Windows 10 kuwa Microsoft sun tsayar da tallafinsa a 14 ga Oktoba 2025.

Sadiya mai bidiyo: Ina ta karantawa babu wanda ya ambaci Apple, mu masu editin fa Mac Studio muke gani a ko'ina.

Hajiya Rabi akitek: Sadiya 'yata a fanninku haka ne. A namu Revit ba ya da na macOS sam, SolidWorks ma haka. Mac Pro na 2019 yana ɗaukar ram har terabait 1.5, na 2023 mai furosesan M2 Ultra ya tsaya a gigabait 192 kuma ba ya karɓar katin girafik na waje. Kamfanin injiniyoyi ba zai ko saka shi a lissafi ba.

Kabiru na Kaduna: Akwai gefen da ba a taɓa ba, siyasa. Lenovo asalinsu China ne, tun 2006 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta hana saka kwamfutocinsu a layukanta na sirri, sai kuma badaƙalar Superfish ta 2015, manhajar talla mai raunana tsaro da Lenovo suka saka a kwamfutocinsu, duk da dai a laftof na gida aka same shi ba a ThinkStation ba. Kamfanonin da ke kwangilar tsaro da gwamnatin Amurka manyan masu sayen wokisteshan ne, da yawansu Dell ko HP za su nufa ko injin Lenovo ya fi sauri. Wannan ƙofa ce da ƙarfin furosesa ba ya buɗe ta.

Injiniya Bashir: Wannan hujja ce mai ƙarfi Kabiru, amma Amurka ba ita kaɗai ce duniya ba, China kanta babbar kasuwa ce kuma can gidansu ne. Sannan Dell da kansu suka ajiye sunan Precision a Janairun 2025 suka koma Dell Pro Max, sunan da mutane suka sani kusan shekara 28. Wanda ke zaune daram a kan kujera ba ya irin wannan.

Malam Auwalu mai gyara: Sauya suna bai sauya kwangilar da manyan kamfanoni suka ƙulla da su ba Injiniya. Ma'aikatar da ke da kwamfuta dubbai na Dell da sabobinsu da ma'aikatan da suka saba da su ba za ta tashi ba don an canza rubutu a jikin akwati. HP ma ba barci suke ba, Z8 Fury G5 na 2023 katin girafik 4 yake ɗauka. Ni dai na tsaya a kan Lenovo sun matso sosai, amma ba su ture kowa ba tukuna.

Hajiya Rabi akitek: Bashir in kana da dilan Lenovo da zai rubuta min a takarda cewa cikin kwana nawa zai kawo kayan gyara har ofis, turo min shi ta inbos, za mu sayi inji biyu bayan sallah kuma zan saka farashinsa kusa da na HP in gani.