Don Allah a taimaka min da integireta na op-amp, sawtooth ya ƙi fitowa daidai

Salam 'yan uwa masana lantarki. Ina haɗa da'ira da TL082 (IC mai op-amp biyu a cikinsa) a kan 12V da -12V, rabi ɗaya integireta, rezisto 10k da kapasito 100nF, ɗaya rabin kuma Schmitt trigger da 10k da 20k. Siginal ɗin tirayangul (mai hawa da sauka daidai wa daida) yana fitowa tsaf wajen 500Hz, amma ni siginal mai haƙoran zarto (sawtooth) nake so, ya hau a hankali ya faɗo nan take. Sai na sa dayod 1N4148 da rezisto 1k a gefen 10k ɗin integireta, faɗowar ta ragu zuwa kusan 100µs, to ni ƙasa da 10µs nake buƙata, da na mayar da 1k ɗin 100 ohm kuma sai gefen faɗowar ya lanƙwashe a osiloskop, lokacin ma bai ragu sosai ba. A lissafina sauke 10V daga 100nF cikin 10µs na cin 100mA, TL082 ba zai iya ba ko? Shin in koma 10nF da 100k, ko gara in sa tiransisto ko CD4066 (IC mai aikin makunni) ya riƙa zubar da cajin kapasiton kai tsaye? In tiransisto ne, ta ina zan kunna shi? Abin ya tsaya min a rai wallahi. Na gode.