Neman shawara: Toy Story ya dace da 'yar shekara uku da ɗan shekara shida?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Yarana biyu ne, Hanifa shekararta uku da wata huɗu, yayanta kuma shida. Kawunsu ya sa an tura musu Toy Story a filashi, na ɗaya har na huɗu, ya ce ai katun ne, babu komai a ciki. Ban kunna musu ba tukuna, don ƙaramar akwai tsoro, ko wuta aka ɗauke sai ta ƙanƙame ni. Na leƙa farkon na ɗaya, na ga kayan wasa ne ke tashi suna magana idan mutane sun bar ɗaki. Waɗanda suka san fim ɗin, ya dace da su? Kuma akwai abin da ya saɓa wa tarbiyya?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam Maman Hanifa, Allah ya raya su. Kada ki ɗauke su a matsayin fim ɗaya, huɗun nan kowanne da nauyinsa. A Amurka duk an ba su alamar G, wato kowa na iya kallo, amma hukumar tace finafinai ta Birtaniya ta ba na ɗaya PG, wato iyaye su sa ido. Ita G ɗin abin da take nufi kawai babu batsa, babu jini, babu ashar. Ba ta yi alkawarin 'yar shekara uku za ta yi barci lafiya ba.

Na ɗaya na 1995 ne, minti 81. Matsalarsa yaron maƙwabta mai suna Sid, wanda aikinsa lalata kayan wasa. Tun da wuri za a nuna shi ta taga ya ɗaura wa wani sojan roba abin fashewa ya tarwatsa shi. Daga tsakiyar fim kuma Woody, kaboyin, da Buzz, ɗan sama jannatin, za su faɗa ɗakinsa. Nan ne wurin da ya fi razana ƙananan yara: ɗaki mai duhu, sai ga kan jaririn roba, an aske shi, ido ɗaya, yana tafiya a kan ƙafafun ƙarfe kamar gizo-gizo. Akwai kare mai bin su da haushi. Can gaba Woody zai juya kansa zagaye guda yana yi wa Sid magana don ya tsorata shi. Ɗan shekara shida dariya zai yi a nan, Hanifa ba na jin za ta yi.

Na biyu, 1999, minti 92, ya fi sauƙi ga ido. Wurare uku ne: buɗewar fim inda aka harbe Buzz ya rage daga ƙugu zuwa ƙafa (wasan kwamfuta ne ashe, amma yaro bai sani ba sai bayan ya gani), mafarkin Woody inda mai shi ya jefa shi kwandon shara hannuwa suka jawo shi ciki, sai waƙar wata 'yartsana mai suna Jessie da take tuna yarinyar da ta yasar da ita a kwali. Wannan na ƙarshen ba tsoro ba ne, tausayi ne.

Na uku, 2010, minti 103, shi ne ba na ba da shawarar a kunna wa ƙasa da shekara bakwai. An kulle kayan wasan a gidan rainon yara kamar kurkuku, akwai biri mai jajayen idanu da ke gadin kyamarori yana ihu yana buga faranti biyu na ƙarfe, akwai ƙaton jaririn roba mai ido a langaɓe. A kusa da ƙarshe kuma sun gangara cikin tanderun ƙona shara, suka riƙe hannun juna suna jiran wuta ta cinye su. An cece su, amma sai da aka ja wurin sosai. Manya ma hawaye suke yi.

Na huɗu, 2019, minti 100. Akwai 'yan tsana huɗu na katako a shagon tsofaffin kaya, ba sa magana, sai zare ido da bin mutum a duhu. A ƙarshe kuma Woody ya rabu da abokansa.

A taƙaice yayan ya kalli na ɗaya da na biyu kina kusa. Sauran biyun ki ajiye.

Anti Malama:
Baban Khalifa ya gama da fim ɗin, ni bari in yi maganar yarinyar. Yaro ƙasa da shekara shida ko bakwai kamannin abu ke tsorata shi, ba halinsa ba. Kayan wasan ɗakin Sid daga baya za a gane mutanen kirki ne, su suka gyara wa Buzz hannunsa da ya cire. Yayanta zai riƙe wannan ya huce. Ita kuwa fuskar jaririn nan kaɗai za ta tafi da ita kan gado. Akasin haka kuma, mugun na uku tedi ne mai laushi, kalar hoda, mai ƙamshin sitiroberi, don haka ƙaramin yaro ba ya ma gane shi ne mugun, sai ya rikice in ya ga ya ci amana.

Abu na biyu, a shekara uku ba a gama raba gaskiya da ƙirƙira ba. Labarin gaba ɗaya a kan cewa kayan wasa na da rai ne in ba a kallonsu. Wani yaron daɗi zai ji, wani kuma ya ƙi kwana a ɗaki ɗaya da 'yartsanarsa. Tun da kin ce tana tsoron duhu, ta fi kusa da yaro na biyun.

Sai tsawon lokaci. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce yaro mai shekara biyu zuwa huɗu kada zaman kallonsa ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi, ƙasa da shekara biyu kuma ba a so sam. Ko mafi gajarta a cikin huɗun ya kai awa ɗaya da minti 21. Ga Hanifa ki nemi gajerun da Pixar, kamfanin da ya shirya fim ɗin, ya yi da waɗannan taurarin, Toy Story Toons, guda uku ne da suka fito a 2011 da 2012, kowanne bai kai minti goma ba. Amma ki kula da wani mai suna Toy Story of Terror na 2013, gajere ne shi ma, sai dai da gangan aka yi shi don ya ba da tsoro, kuma masu tura finafinai kan zuba shi cikin tarin.

Ga yayan kuma ga yadda za ki yi. Ki fara kalla ke kaɗai ko da kina turawa gaba ne, ki rubuta mintin da kowane wuri mai nauyi ya faro. Ki raba fim ɗin zama uku, kamar minti 25 zuwa 30 kowanne, ki riƙa tsayawa a inda ake dariya, ba inda aka kama wani ba. A talabijin, da rana, murya a ƙasa, rimot a hannunki. Sautin kiɗa shi ke kawo rabin faɗuwar gaba, in kin rage shi a ɗakin Sid wurin ya yi laushi. Kafin wurin ya zo ki faɗa masa, "Yanzu za a nuna wasu masu muni, amma taimakon su Woody za su yi." Kada a kalla bayan magariba, a bar aƙalla awa ɗaya tsakanin kallo da kwanciya.

Maman Tagwaye:
Ni a ganina da na biyu ya kamata a fara, ba na ɗaya ba. Labarinsa na tsayawa da ƙafarsa, kuma babu Sid. In yaron ya jure shi lafiya sai a koma baya.

Maganar tarbiyya kuma, Maman Hanifa, ba ta da yawa amma gara ki sani kafin ki ji tambaya. Ɗaya daga cikin kayan wasan asusu ne mai siffar alade, sunansa Hamm, yana cikin duka huɗun. Na ɗaya ya ƙare da bikin Kirsimeti, kuma a nan 'yartsanar makiyayiya ta sumbaci Woody. A na uku akwai soyayyar Barbie da Ken, da rawar da Buzz ke yi wa Jessie bayan an juya masa harshe zuwa Sifaniyanci. Su Woody kuma suna yawan ce wa juna wawa da yi min shiru da Turanci, musamman a na ɗaya, yara kuwa irin wannan suke fara haddacewa.

Wanda za ki duba filashin ki tabbatar babu shi shi ne Lightyear na 2022. Sunan Buzz ne a kai, amma ba labarin kayan wasa ba ne, kuma PG ne ko a Amurka. Akwai wurin da mata biyu ma'aurata suka sumbaci juna, dalilin da ya sa Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da wasu ƙasashen Musulmi suka hana nuna shi a silima.

Don adalci, abin kirki ya fi yawa. Na ɗaya kacokan a kan kishi ne: Woody ya ga an kawo sabo an fi son sa, ya yi masa mugunta, ya sha wuya, ya gyara. Ga yaron da aka yi wa ƙanwa wannan abin hira ne mai kyau.

Kawun Yara:
Salamu alaikum. Abin da ba a taɓo ba shi ne kwaikwayo, kuma ɗan shekara shidan ne abin ji a nan, ba ƙanwar ba. Buzz ya hau saman matakala ya yi tsalle yana zaton zai tashi sama. Sid ya ƙona goshin Woody da gilashin ƙara girman abu a hasken rana, ya ɗaure Buzz a jikin roka, yana yawo da ashana. A inda ake sayar wa yara nokawut a kan titi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kwana biyu bayan kallo a kawar da ashana da laita, a sa ido kan gado, kujera da katanga.

Sannan za su nemi a sayo musu Buzz mai haske da ƙara. Irin na kasuwa masu araha da yawa batirin agogo ne a ciki, mai faɗi kamar kwabo, murfinsa kuma ba sukuru. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, cikin awa biyu yana iya ƙona hanyar abinci. Kada a sa shi amai, kada a jira alama, a wuce asibiti. In ya haura shekara ɗaya kuma yana iya haɗiya, ana ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti goma a kan hanya, har sau shida. Wajen saye ki juya bayan abin, in farce zai iya buɗe gidan batirin ki ajiye musu kayansu. Haka abin wasan nan na fim ɗin mai siffar dankali da ake cire masa ido da kunne, ƙananan sassansa ba na mai sa abu a baki ba ne.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, Lightyear ɗin kuwa yana ciki, na goge. To amma ɗaki ɗaya muke kallo, in na kunna wa yayan ita ma zama za ta yi. In ta riga ta ga jaririn nan ta firgita fa?

Anti Malama:
Ki daidaita zamansa da barcinta na rana, zama uku ne kawai. In kuma ta gani, kada a yi mata dariya, kada a ce mata "ai ƙarya ne", bayani bai cika shiga a wannan shekarun ba. Ki kashe, ki ɗauke ta, ki fita da ita tsakar gida ki ba ta wani abin yi. In an jima ki ba ta 'yartsanarta ta juya ta, ta matsa ta, ta ga roba ce. Da dare ki tambaye ta ko tana son a kwana da kayan wasan ko a sa su a kwali a falo, ki bi zaɓinta, ki bar mata ƙaramar fitila, ki yi mata addu'ar barci kamar kullum. Ki kuma ja wa yayan kunne kada ya riƙa tsokanarta da shi, don yawanci shi ke tsawaita abin. Kwana biyu zuwa uku yakan wuce. In ya haura mako biyu tana farkawa da ihu, ko fitsarin kwance ya dawo bayan ta daina, ki kai ta wurin likitan yara.