Neman shawara: Tun da na binne ɗana na kasa yin addu'a

Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa cikin Almasihu. Wata huɗu ke nan da muka binne ɗanmu na fari, yana da shekara 9, bayan doguwar jinyar ciwon sikila. Ni da mahaifinsa duka rukunin jininmu AS ne, wato muna ɗauke da gadon sikila amma ba mu da ciwon, ba mu kuma sani ba sai bayan an haife shi, domin a lokacin aurenmu ikilisiyarmu ba ta fara neman gwajin jini ba. Daren da ya rasu a durƙushe na kwana gefen gadonsa ina roƙon Allah ya bar mini shi. Tun daga ranar, duk lokacin da na buɗe baki zan yi addu'a sai maganar ta maƙale mini a wuya, na kuma daina zuwa koyon waƙa na Zumuntar Mata. Masu ta'aziyya suna cewa in yi haƙuri, nufin Allah ne, wata ma ta ce yawan kuka alamar ƙarancin bangaskiya ce. Shin zunubi ne wannan ɓacin rai da nake ji game da Allah, kuma ta yaya zan sake dogara gare shi?

Wata uwa daga Mubi ta amsa:

'Yata, sannu da rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Na rasa maigidana a watan Oktoba na 2014, lokacin da Boko Haram suka shiga Mubi, suka kuma mamaye hedikwatar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da ke Kwarhi. Da ƙafa na fita da yara uku har muka kai Yola, ko kabarinsa ban gani ba. Na yi fiye da shekara guda ina zama a majami'a ban rera ko baiti ɗaya ba, matan da ke kusa da ni su ne suke yin waƙar, ni kuwa ina saurare ina hawaye. Daga baya na gane cewa zaman nan ma sujada ne. Ki koma cikin matan ko da ba za ki buɗe baki ba, domin Romawa 8:26 ta ce Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishi wanda baki ba ya iya furtawa. Har yau ina kewar mijina, amma wata Lahadi na tsinci kaina ina waƙa ban san lokacin da na fara ba.

Wani fasto mai ritaya ya amsa:

'Yata, wadda ta ce kuka ƙarancin bangaskiya ne ta yi kuskure, ko da da kyakkyawar niyya ta faɗa. Bulus bai hana mu baƙin ciki ba a 1 Tasalonikawa 4:13, abin da ya ce shi ne kada baƙin cikinmu ya zama irin na waɗanda ba su da bege. Ki karanta Yohanna sura 11 a hankali. Marta da Maryamu kowacce ta fuskanci Yesu ta ce masa da yana nan da ɗan'uwanta Li'azaru bai mutu ba, wannan kuwa ƙorafi ne ƙarara, amma bai tsawata musu ba. Ya yi kuka a gaban jama'a, alhali ya san zai ta da Li'azaru a ranar. Zabura 88 addu'a ce da ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu ba tare da kalmar yabo a ƙarshenta ba, duk da haka Allah ya bar ta a cikin Littafi Mai Tsarki. Ina ba ki shawara ki riƙa karanta ta da murya kowane dare a matsayin addu'arki, har ranar da taki maganar za ta dawo. Wanda yake kai wa Allah ƙara bai rabu da shi ba. Abokan Ayuba sun kyauta a kwana bakwai da suka zauna da shi shiru, sai da suka fara neman dalilin wahalarsa ne suka ɓata, har Allah ya tsawata musu a sura ta 42. Saboda haka ni ma ba zan ce na san dalilin mutuwar ɗanki ba. Abin da na riƙe shi ne Almasihu ya tashi daga matattu, kuma za ki iya faɗin abin da Dawuda ya faɗa a 2 Sama'ila 12:23 game da jaririnsa, cewa yaron ba zai komo wurinsa ba, amma shi zai tafi wurin yaron.

Wata ma'aikaciyar jinya ta amsa:

'Yar'uwa, na lura kin ambaci AS, ina kuma jin kina ɗora wa kanki laifi. Idan iyaye biyu AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato ciwon sikila, ba kuma hukuncin wani zunubi ba ne. Ki yi magana da maigidanki, domin maza sukan haɗiye nasu kukan. In kuma kin kasa barci ko cin abinci, ko tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki ga likita ba tare da jinkiri ba.

Mai tambaya ta dawo:

Na gode, Mama, na gode, Baba Fasto, da ke 'yar'uwata. Jiya da dare na karanta Zabura 88, maigidana ya shigo ya zauna kusa da ni, muka yi kuka tare, karo na farko tun ranar jana'iza. Ban iya yin addu'a da bakina ba tukuna, amma na gaya wa shugabar Zumuntar Mata ta biyo mini ranar koyon waƙa mu tafi tare.