Kuɗin wuta ya fi ƙarfin kwaleji: sola za a fara saya, ko gyara?

Mai_Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka mayar da wutar Band A, wato rukunin masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana, naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, manyan makarantu ke kuka. A ce kwaleji mai ɗalibai kamar dubu biyar, da ɗakunan kwana da rijiyoyin burtsatse da janareto, kuɗin da ke hannun sashen ayyuka kuma bai taka kara ya karya ba. Da me ya kamata a fara don rage wuta da dizal? Wasu na cewa a zuba kuɗin duka a sola, kamar tashar megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019.

Injiniyan_Wuta:
Wa alaikumus salam Malam. Waccan tasha aikin gwamnatin tarayya ce ta hannun hukumar samar da wuta a karkara, REA, ba da kuɗin sashen ayyuka aka yi ta ba, don haka a ajiye ta gefe. A fara da mita. A sa wa kowane babban gini ƙaramar mitarsa, a riƙa karantawa ƙarfe shida na yamma da shida na safe har mako biyu. Ginin ofis da ya ci wuta da yawa cikin dare, an bar esi ko hita a kunne ne. Wannan gyaran ko sisi ba ya ci.

Sai fitilu. Dogon kwan nan mai ƙafa huɗu an rubuta masa wat 36, amma da cok ɗinsa, wato na'urar da ke daidaita masa wuta, yana jan kusan 45. Na LED mai irin haskensa wat 18 ne. Kwai dubu, awa goma a rana, an rage yunit 270 ke nan, wato 8,100 a wata, sama da naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas a kan farashin naira 225. Inda ake kuskure: a bar tsohon cok a layi, ko a sayi kwai mai arha da ba ya jure hawa da saukar wuta, wata uku ya fara ƙyafta ido. A duba jikinsa a ga iyakar ƙarfin wutar da yake ɗauka. Tsofaffin kuma akwai sinadarin makuri a cikinsu, kada a farfasa su a juji.

Janareto ma a duba. Wanda ke aiki ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa ba ya ƙone mai sosai, sai baƙin maiƙo ya riƙa tsattsafowa ta salansa. Ƙarami na dare ya fi a tayar da mai 500 kVA don fitilun tsaro.

Mai_Famfo:
Injiniya ya yi magana, amma ya tsallake ruwa, alhali kowace lita da ta zube da wuta aka hau da ita tanki. Famfo mai ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da kusan lita 30 a rana. Wannan ma ƙarami ne a kan tankin bayi da robarsa ta mutu, wanda ke zuba dare da rana ba mai ji.

Gwajin mai sauƙi ne. Lokacin hutu, a cika babban tanki, a kashe injin turo ruwa, a yi alama a bakin ruwan, a dawo da asuba. Abin da ya ragu yoyo ne. Daga nan sai a riƙa rufe bawul na reshe ɗaya bayan ɗaya har a gano layin da ya fashe. Kowane tanki kuma a sa masa makunni mai balbal da ke kashe inji idan ya cika. Ambaliyar tanki ita ce asarar da kowa ke wucewa yana kallo.

Ruwan alwala na masallaci ba shi da sabulu. A bi da shi ta ramin tsakuwa da yashi, a kai wa darbejiya a yammacin gine-gine, inda rana ke dukan bango daga azahar zuwa la'asar. A bar tazarar mita biyar ko fiye, saboda saiwa na fasa bututu da harsashi.

Injiniyan_Sola:
Ban yarda a jinkirta sola gaba ɗaya ba. Akwai wuri guda da za a sa ta yau: burtsatse. Farantin sola ya tuƙa injin kai tsaye da rana, ba batir, tankin sama shi ne ma'ajiya. Batir ne ke cinye kuɗi, shi ne kuma ke fara mutuwa. Mai ruwan asid, duk ƙarin zafi na kusan digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu, ɗakin kwano a Afrilu kuwa kowa ya san yadda yake.

Da hunturu a wanke farantai duk mako, da sassafe kafin gilashi ya yi zafi, da tsumma mai laushi. Idan ruwan burtsatsen mai kanwa ne, a tsane shi nan take, in ba haka ba zai bar farin tabo. A rubuta sunan mai wannan aiki a jadawali, a kuma ware kuɗinsa a kasafi.

Mai_Tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Injiniya, mitocin nan sai an yanke babbar waya kafin a ɗaura su?

Injiniyan_Wuta:
A'a Malam. Akwai mai zoben awo da ke buɗewa a maƙala a jikin waya, zobe ɗaya ga kowane layi cikin layukan wuta uku na babbar wayar. A kashe allon wutar kafin a sa hannu, kibiyar da ke jikin zoben kuma ta fuskanci ɓangaren kayan da ke cin wutar, in ba haka ba mitar za ta karanta a juye.