Neman shawara: Alhaji ya ajiye manhajarmu ya koma wa littafinsa

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum, manyana da abokai. Mu uku ne muke haɗa wa wani Alhaji manhajar waya. Shagon sari gare shi a babbar kasuwar Katsina: shinkafa, suga, taliya, man girki. Babbar damuwarsa bashi. Masu kanti na cikin gari da na ƙauyuka suna ɗaukar kaya su biya daga baya, komai kuma yana cikin wani ƙaton littafi mai baƙin bango.

Muka ce za mu bi tsarin Ajayil, wato haɗa manhaja kaɗan-kaɗan, zango-zango na mako biyu, ni kuma aka ɗora mini rubuta labaran masu amfani, wato gajerun bayanan abin da mai amfani da manhajar yake buƙata, a Trello, manhajar jera ayyuka a kan katuna. Ga irin abin da na rubuta: "A yi shafin shiga." "A yi rumbun bayanan kwastomomi." "A yi rahoton wata." Mako shida muna kai.

Ranar da muka kai masa, ya latsa nan ya latsa can, sai ya miƙa wa yaron shagonsa wayar ya ce, "Duba mini nawa ya rage wurin mutumin Batagarawa." Yaron ya kasa. Manhajarmu bashi ɗaya biya ɗaya ta sani, ba ta san mutum ya kawo naira 20,000 yau, ya cika saura bayan kasuwa ta ci ba. Alhaji bai yi faɗa ba, littafinsa kawai ya jawo. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Ina na kuskure?

Injiniya, Ƙofar Kaura:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ka rubuta jerin ayyukan masu rubuta manhaja ne, babu mutum ko ɗaya a cikinsa. Wa zai shiga shafin? Me ya kawo shi? Salon rubuta labarin da aka fi bi ya fito ne daga kamfanin Connextra na Landan a 2001, kuma gaɓa uku ne: wane ne, me yake so, don me. Ga naka da Hausa: "A matsayina na yaron shago, ina so in rubuta abin da kwastoma ya kawo ko da bai cika ba, domin Alhaji ya ga saura nan take." Gaɓar "domin" ɗin nan ita mutane suka fi yarwa, alhali ita ce ke gaya maka ko aikin ya cancanci a yi shi.

Sai ka riƙe maganar Ron Jeffries, ɗaya daga cikin mutum 17 da suka rubuta sanarwar Ajayil a Amurka a 2001. Ya ce labari abu uku ne: kati, hira, da tabbatarwa. Kai kati kawai ka yi. Hirar fa? Cikin mako shidan nan sau nawa kuka zauna da mutanen shagon?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Yallaɓai, sau ɗaya ne, ranar da muka yi ciniki. Shi ma a gidansa.

Malama daga Daura:
To, nan gizo ke saƙar. Ɗan'uwa, Alhaji ne mai biya, amma ba shi zai riƙe wayar daga safe zuwa magariba ba. Na taɓa yi wa wata makaranta mai zaman kanta manhajar karɓar kuɗin makaranta, na tsara komai da shugaban makarantar a ofishinsa. Sai da na zauna kusa da mai karɓar kuɗi ranar komawa hutu na ga uwa ta zo da kuɗi a ƙulle a bakin zane, na 'ya'ya uku, ta ce a raba musu yadda babu wanda za a koro. Babu katin da ya ambaci haka, kuma shugaban bai ɓoye mini ba, shi dai bai taɓa tsayawa a tagar ba. Mako biyu na yi ina warware abin da na ɗinka.

Ka ɗauki kujera ka wuni a shagon. Ka saurari kalmominsu: ciko, saura, ajiya. Ka leƙa littafin ka ga yadda suke rubuta mutane. Na tabbata za ka tarar da masu suna ɗaya su huɗu ko biyar, ana bambance su da gari ko laƙabi. Wannan kaɗai labari ne: yaron shago yana so ya nemo mutum da laƙabinsa, domin kada a ɗora wa wani bashin wani.

Mai gwajin manhaja, Ƙofar Sauri:
Ni bayan katin nake dubawa. Kowane labari a rubuta masa sharuɗɗan karɓa da lambobi na gaske. Misali: ana bin mutum 85,000, ya kawo 20,000, dole manhaja ta nuna 65,000 da kwanan wata. In ya kawo fiye da bashinsa fa? In intanet ta ɗauke ana cikin rubutawa fa? Ku karanta wa Alhaji waɗannan kafin a taɓa kwamfuta. In ya ce "haka ne", kun sami ma'aunin gamawa.

Ɗalibi, Dutsin-Ma:
Don Allah manya, dole ne a rubuta da Turanci? Mu haka aka koya mana.

Injiniya, Ƙofar Kaura:
Ba dole ba ne. Kati na wanda zai yi amfani da manhajar ne, in bai iya karanta shi ba ka koma gidan jiya. Ku rubuta da Hausa, bayanan fasaha ku sa su a ƙasa da harshen da kuka ga dama.

Tsohon hannu, Funtuwa:
Injiniya, na yarda da kai, sai dai ina tsoron yara su mayar da salon nan hadda. Na ga wanda ya rubuta "a matsayina na mai amfani ina son rumbun bayanai", ya ɗauka ya gama. Lokacin da Kent Beck ya kawo wannan dabara a ƙarshen shekarun 1990, 'yan kalmomi ne a kan ƙaramin kati, ana barin sauran ga hira. Ni ma'aunin INVEST na Bill Wake, na 2003, wato siffofi shida na labari mai kyau, ya fi yi mini amfani, musamman uku daga cikin shidan: labarin ya zama ƙarami, mai amfani ga wani, kuma wanda za a iya gwadawa. "Rahoton wata" ya yi girma. Ka rarraba shi ƙanana-ƙanana: su wa ake bi yau, wa ya wuce kwana 30 bai leƙo ba, nawa ya shigo a mako. Ka bar Alhaji ya zaɓi na farko da kansa.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Allah ya saka muku da alheri. Jiya Asabar na wuni a shagon har bayan la'asar, na dawo da kati tara. Malama, gaskiyarki, mutum huɗu na gani masu suna ɗaya. Na shimfiɗa katunan a kan buhun shinkafa, Alhaji ya jera su da hannunsa, biyan ciko ya sa a gaba.

Kati ɗaya ya ture gefe, wanda na fi ɗoki a kansa: manhaja ta riƙa tura wa masu bashi saƙon tuni. Ya ce mutumin da suka shekara ashirin suna hulɗa ba a aika masa saƙon waya a kan kuɗi, cin fuska ne, shi zai kira shi su gaisa tukuna. Na sake rubuta shi: Alhaji yana so ya ga sunayen waɗanda suka daɗe ba su kawo komai ba da lambar wayarsu, domin ya kira su da kansa. Gobe Litinin za mu fara da biyan ciko. Mai gwaji, in na turo maka sharuɗɗan yau da dare, za ka duba mini su?