Masu aure da 'yan wata ƙasa, me kuke cewa idan aka yaɓa muku magana?

Matar ɗan Chaina, Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mijina ɗan ƙabilar Hui ne daga yankin Ningxia, Musulmi tun kaka da kakanni. Shekaranjiya a gidan suna wata ta dube ni a gaban mutane ta ce, "Ba kya tsoron ya yi miki irin na Janbulo?" Kisan nan na 2022 take nufi, wanda wani ɗan Chaina ya yi wa budurwarsa a unguwar Janbulo da ke Kano. Wata kuma ta ce wai kare nake dafa masa, mutumin da ko naman da bai san wanda ya yanka ba ba ya ci. Bakina ya mutu, sai da na koma gida na yi kuka. Ku da kuka riga ni, ya kuke yi?

Baban yara uku, Jidda: 'Yar uwa, Allah ya huci zuciyarki. Matata 'yar Masar ce. A walimarmu wani kawunta ya kira ni "abd", wato bawa, yana zaton ba na jin Larabci. Na matsa kusa da shi, ban ɗaga murya ba, na karanta masa aya ta 13 cikin Suratul Hujurat, sannan na ce, "Kawu, da Bilal ne ya zo neman 'yarka, haka za ka kira shi?" Bai ba ni haƙuri ba. Amma daga ranar kalmar ba ta sake fitowa a gabana ba, kuma yarana ba su taɓa jin ta daga danginsu ba. Wannan nake nema dama.

Wata a Manchester: Ni "takarda ta bi" ake ce min, daga namu har dangin mijin. Da nakan tsaya ina bayanin cewa karatu ya kawo ni, da izinin zamana kafin na san shi. Na gaji. Yanzu tambaya ɗaya nake yi: "Me kike nufi? Maimaita in ji." Yawancinsu ba sa iya maimaitawa.

Hajiya daga Zinder: Ɗiyata, ki ware mai tambaya don rashin sani da mai neman ya ci miki fuska. Surukina Baturke ne, ƙanwata ta daɗe tana cewa zai gudu ya bar ɗiyata da goyo. Azumi ɗaya ya yi tare da mu, ita ce yanzu mai aika masa kilishi.

Matar ɗan Chaina, Kano: Na gode ƙwarai. Mai maganar Janbulo 'yar ƙanwar babana ce, ba zan iya yanke ta ba. Ranar Juma'a zan je gidanta ni kaɗai in gaya mata abin da maganarta ta yi min, domin cikin da nake ɗauke da shi zai zo da idon babansa, kuma gidanta zai riƙa zuwa yawon sallah.